Sarauniyar Kyau Babu Riga: Yadda Gasa Ta Ɓata wa 'Yan Tsiraici Suna

'Yan uwa, na san wasunku za su ce me ya kai ɗalibin tarihi wannan lungu. Ku dai yi haƙuri ku karanta. Mu da muka taso a Turai da Amurka, a gida an koya mana kunya, a waje kuma muna jin labarin bakin tekun da ake yawo tsirara. Gara mu san asalin abin.

A Jamus aka fara, farkon ƙarni na 20. Masu wannan ra'ayi suka ce birni da hayaƙin masana'antu sun cinye lafiyar mutum, maganin kuwa rana da iska da motsa jiki ba sutura. Suka ƙara da cewa tufafi ne ke raba mai kuɗi da talaka, in an tuɓe kowa ya zama ɗaya. A 1929 wani Bajamushe, Kurt Barthel, ya kafa musu ƙungiya a Amurka, a 1953 kuma aka kafa ta duniya a Faransa.

Jama'a fa ba su yarda ba. 'Yan sanda sun sha kai musu samame, hukumar gidan waya ta Amurka ta hana aika mujallarsu, Sunshine & Health, sai a 1958 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya. Duk shekarun nan rantsuwarsu ɗaya ce: wai babu batsa a lamarin.

To, sai ga gasa. Dama sukan zaɓi sarki da sarauniya a tarukansu, su ya su. Amma a 1970 sansanin Four Seasons da ke lardin Ontariyo a Kanada ya fara Miss Nude World, ya buɗe ƙofa ga duk mai kuɗin tikiti. A jihar Indiyana, sansanin Naked City na Dick Drost ya riƙa yin tasa gasar. Mata baligai a kan dandamali, maza a ƙasa da rigunansu da kyamarori. Ku tuna, a 1968 ne mata suka yi zanga-zanga a kan gasar Miss America, suna cewa ana gwada su kamar shanu a kara.

Kuɗi ya shigo, jaridu suka samu na bugawa. Sai dai waɗanda suka ce jiki ba abin aunawa ba ne, ga su da alƙalai suna ba jiki maki. Da yawa daga cikinsu sun ƙi abin, amma bakin alƙalami ya bushe. Mutumin da ya daɗe yana zarginsu ya ga hoto a jarida, ya ce ai dama na faɗa.

Ni dai ban yarda da aƙidarsu ba tun tushe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, abin da 'yan sanda da gidan waya suka kasa yi musu, kuɗin tikiti ya yi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.