Hadda da Fahimta a Tarihin Karatun Ƙasar Hausa

Muhawarar ko makaranta ta fifita cusa wa yaro bayanai ko koya masa tunani ta girmi boko a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa malamai sun raba karatu hawa biyu. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya yi ta maimaita abin da aka rubuta masa har ya sauke. Daga nan sai zaure, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, malam na fassara, ɗalibi na tambaya, ana warware mas'ala.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, ta wannan hanya ya bi. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, sannan ya zauna gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abin da ya haddace shi ya zama ma'aunin da ya auna mulkin sarakunan zamaninsa da shi, har ya soki harajin zalunci a cikin Kitabul Farƙi. Ya kuma ƙalubalanci malaman da ke kafirta talakawa don kawai sun kasa jero hujjojin tauhidi yadda suke a littattafai. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi masu sauƙin hadda, jajojinta suka kai su karkara suna yi wa mata bayanin ma'anarsu.

Boko ta zo da nata nufin. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya, sun fi mayar da hankali ga samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Da shirin ilimin firamare kyauta ya zo a 1976, azuzuwa suka cika maƙil, ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci, karatu ya koma kwafar rubutu daga allo da haddace shi don jarrabawa. Aka riƙe hawan farko, aka bar zaure.

Saboda haka tarihi bai goyi bayan a zubar da hadda ba, domin wanda bai san komai ba ba shi da abin da zai yi tunani a kai. Abin da ya nuna shi ne, makarantar da ta sallami ɗalibi da hadda kawai ta sallame shi a rabin hanya.