Ƙidayar Mamata ko Ƙidayar Shekaru: Annobar Korona a Khartum da Omdurman

Ranar 13 ga Maris 2020 hukumomin Sudan suka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a ƙasar. Sanarwar ta fito ne bayan ya riga ya rasu a Khartum, kuma tun daga ranar alƙaluma ba su sake cim ma mutuwa ba.

A Disamba 2020 masana na Imperial College da ke Landan suka ƙiyasta cewa kashi 2 cikin 100 kacal na waɗanda cutar ta kashe a Khartum ne suka shiga kundin gwamnati. Kimanin mutum 16,000 aka binne ba a rubuta su ba. A Maris da Afrilun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bi gida-gida a Omdurman tana tambayar wa aka rasa, tana gwada jini, sai ta tarar fiye da rabin jama'a sun taɓa kamuwa.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce: me za a ƙirga, mutane ko shekarun da suka rage musu? Tun 1947 Mary Dempsey ta nuna a Amurka cewa yawan mamata kaɗai ba ya bayyana ɓarnar tarin fuka, domin matasa yake ɗauka. Daga nan ma'aunin "shekarun da aka yi asara" ya samo tushe. Bahaushe zai ce ajali ba ya gaba ba ya baya. Masu lissafi kuwa matsakaici suke aunawa, ba ƙaddarar mutum ɗaya ba.

Dubi Sadiƙ al-Mahdi, tsohon firaminista, wanda korona ta kashe ranar 26 ga Nuwamba 2020 yana da shekara 84, aka binne shi a Omdurman. In an yanke iyaka a shekara 65 ko 70, kamar yadda wasu ke yi, mutuwarsa sifili ce a lissafi. In kuwa aka duba shekarun da mai 84 kan ƙara yi, akwai asara. Hanya ta biyu ta fi adalci a ganina, tunda dattawa annobar ta fi ɗauka. Sai dai duk hanyoyin biyu suna bukatar sanin shekarun mamaci, alhali galibin mamatan Khartum ko sunansu bai shiga rajistar cutar ba.