Ciwon Dajin Kogon Kumatu

Ciwon dajin kogon kumatu sankara ce da ke tasowa a cikin kogon iskar da ke ƙashin muƙamuƙin sama, a gefen hanci, ƙarƙashin ido. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma ya fi kama maza da suka haura shekara 50.

Alamomi

Da farko yakan yi kama da mura, shi ya sa ake jinkirin gano shi. Alamominsa sun haɗa da toshewar ƙofar hanci ɗaya, yawan haɓo, kumburi ko mutuwar kumatu, girgizar haƙoran sama, da turowar ido.

Dalilai

Shan taba da daɗewa ana shaƙar ƙurar katako ko ta fata suna ƙara haɗarin dajin hanci da kogunansa. A 1995 hukumar binciken daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo daji. Wannan ya shafi 'yan katako na Na'ibawa da masu aikin fata a Sharada, Challawa da Bompai a Kano.

Magani

Ana tabbatar da cutar da hoton CT ko MRI da gwajin tsokar wurin. Babban magani shi ne tiyatar cire ƙashin da ya kamu, sannan gashi da na'ura, wani lokaci da kemoterafi. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana duba masu irin waɗannan alamomi. Gano cutar da wuri yana ƙara damar warkewa.