Tsofaffin Bindigogi da Maƙeran Sakkwato

Ba da bindiga aka kafa daular Sakkwato ba. Ran da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka gamu da rundunar Gobir a Tabkin Kwatto, cikin shekarar 1804, yawancinsu baka da kwari su ke rataye da su, dawakinsu kuwa 'yan kaɗan ne. Amma an riga an san bindiga a ƙasar Hausa tun kafin wannan. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Har wa yau ana ba da labari Sarkin Gobir Yunfa ya taɓa ɗana wa Shehu bindiga a Alƙalawa, wutar ta komo kansa ta ƙone shi. Malamai sun lissafa wannan cikin karamomin Shehu. Masu harbi kuwa sun sani bindigogin zamanin nan ba su da amana ko ga mai su.

Sunan kansa daga Larabci ya fito, watau bunduƙiyya, gama ta hannun Larabawa aka fara samunta. Fataken Tarabulus da Gadamus su ke ɗauko ta bisa raƙuma, su ratso hamada da ita. Daga baya wata hanya ta buɗe daga kudu, inda jiragen Turawa ke sauke kaya a bakin teku, Nufawa da Yarabawa su hauro da su. Abin da ke isowa Sakkwato ragowa ne, don kowane sarki da ke kan hanya ya kan tsame masu kyau ya riƙe. Wa zai miƙa wa maƙwabcinsa abin da zai harbe shi da shi gobe?

Kayan ma tun daga tushe ba na kirki ba ne. Waɗansu an ƙera su ne da araha a Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam, musamman don kasuwar baƙar fata. Waɗansu kuma kwancen soja ne. Al'adar gwamnatocin Turai ita ce, in an ƙago sabuwar bindiga sai su sayar da tsofaffin ga 'yan kasuwa. Haka aka yi bayan yaƙe-yaƙen Napoleon da suka ƙare a 1815, haka kuma aka sake yi wajen 1870, sa'ad da sojojinsu suka koma ga bindiga mai ɗuri ta gindi. Bindigar da ta gama aiki a hannun sojan Ingila ita ce ta ke zama sabuwa a hannun bawan sarki.

Wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1826. A zuwansa na biyu ya ga yaƙin da aka kai wa Gobirawa a Konya. Bisa ga lissafinsa, cikin dubban mayaƙan Sarkin Musulmi masu bindiga ba su kai 50 ba. Mutum ya kan matsa kusa da ganuwa ya harba, sa'an nan ya sheƙa da gudu inda kibiya ba ta kai wa, ya zauna ya sake ɗuri. Wanda ya ji wannan ba ya bukatar a gaya masa dalilin da a ke ce da irin bindigar nan harba-ka-ruga. Mutanen garin kuwa bindiga ɗaya tak gare su, amma mai ita gwani ne, har ya kā da ɗan lifidin da ke kan gaba. Bello ya san darajar abin sarai. Da ya ji Clapperton na ɗauke da kyautar makamai zuwa ga Shehun Barno, alhali ana yaƙi tsakaninsu, sai ya sa aka karɓe. A nan kusa da Sakkwato Baturen ya mutu cikin watan Afrilu 1827.

Abin da ya yi wuyar samu ba a yar da shi don ya lalace. Nan ne aikin maƙera ya shigo, irin na Maƙerar Assada, tsohuwar unguwar maƙera ta birnin Sakkwato. Bindiga mai ƙanƙara ƙarfe ne da itace, ba wani asiri cikinta da ya fi ƙarfin mai zuga-zugi da masaba da magagari. In tsatsa ta ci bututun, a kankare a shafe da mai. In kunama ta karye, a ƙera wata. In gara ta cinye gindin, masassaƙi ya fafe sabo daga itace mai tauri. In bututun ya tsage daga baki, a yanke wurin, bindiga ta gajarce amma ta ci gaba da aiki. In tsagar ba ta yi tsanani ba a naɗe ta da ɗanyar fata, ta bushe ta ƙame. Da ya ke Sakkwato garin dukawa ne, su kan yi mata kube, a rataya mata layu. Bayan shekara talatin sai ka ga bindigar da ba abin da ya rage na Turai jikinta sai bututu da tambarin da aka buga masa. Albarushi ma a kan haɗa a gida, ko da ya ke bai kai na Turawa ƙarfi ba, in darma ta yanke kuwa a ɗura guntayen ƙarfe ko tsakuwa.

Sarakuna ba su kan ba 'ya'yan sarauta bindiga ba. Bayin fada a ke damƙa wa, ƙarƙashin Sarkin Bindiga, don bawa ba shi da gadon sarautar da zai nema da ita. Barade kuma suna raina ta, a ganinsu jarumtaka a kan doki ta ke, da takobi da māshi.

Amma akwai iyakar da hikimar maƙeri ba ta wucewa. Bindiga mai ɗuri ta gindi harsashi ta ke ci, ƙullalle cikin kwanson tagulla, wanda sai injin ke yinsa daidai. In harsashi ya ƙare ta zama sanda. Turawa sun gane haka, shi ya sa a 1890 suka taru a Brussels suka ƙulla alkawarin hana sayar da sababbin bindigogi da harsashi a yawancin ƙasashen Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara kaɗai. Sun ce don hana cinikin bayi ne. Ko da wace niyya aka yi dokar, shekara 13 bayanta amfaninta ya bayyana a Giginya.

Ran 15 ga Maris 1903 Kanar Morland ya tsaya a bayan birnin Sakkwato da sojan da ba su kai 1,000 ba, amma suna da igwa da bindiga mai ruwa. Sarkin Musulmi Attahiru ya fito da dubban dawaki da dakaru. Ba a yi sa'a biyu ba aka watse, gama ba a bar su sun matso inda māshi ko tsohuwar adaka za su yi aiki ba. Waɗansu suka ƙi gudu, suka tsaya gindin tuta har aka kashe su. Attahiru ya yi hijira gabas, ya faɗi a Burmi ran 27 ga Yuli. Manjo Marsh, shugaban sojan Turawa a ranar, kibiya mai dafi ce ta kashe shi.

A Satiru ma, mil 14 daga Sakkwato, talakawa da gatura da fartanya suka fatattaki sojan doki cikin Fabrairu 1906, suka kashe Razdan Hillary da waɗansu Turawa biyu, suka kwashe bindigogi har da mai ruwa. Ganimar ba ta cece su ba. Cikin Maris aka komo musu da runduna, aka shafe garin.

Daga nan tsohuwar bindiga ta bar fagen fama ta koma hannun maharba da masu gadin gona, da 'yan bindigar sarakuna masu buga albarushi ran hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau. A Ingila da Amurka akwai masu sayen kwancen soja su goge su rataye a ɗaki don sha'awa. A Nijeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyaranta sai da izinin hukuma. Sunan 'yan bindiga kuwa, wanda dā na bayin fada ne, yau in an ambace shi a Isa ko Sabon Birni ɓarayin daji a ke nufi, su kuma AK-47 su ke riƙewa.