Rotary a Kano: Abin da ƙungiyar sa-kai za ta iya yi wa tattalin arzikin Arewa, da abin da ya fi ƙarfinta

A shekarar 1961, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, aka kafa reshen ƙungiyar Rotary a Kano. Shi ne na farko a Nijeriya, kafin na Legas da na Ibadan su biyo baya a cikin shekarar. A wancan zamani Kano cibiya ce ta cinikin gyaɗa da fatu, tana da layin dogo da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, ga kuma masana'antu da suka fara tasowa a Bompai. Irin garin da ƙungiyar ke samun gindin zama ke nan, domin 'yan kasuwa da ƙwararrun ma'aikata ne ƙashin bayanta.

Bayan shekara sittin da 'yan kai, tarihinta a Kano ya isa a auna wata tambaya da ta shafi siyasa: nawa ne daga cikin aikin raya al'umma ƙungiyar sa-kai za ta iya ɗauka, nawa ne kuma ya zama dole gwamnati ta yi?

Asalin ƙungiyar da tsarinta

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Shikago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Sunan ya samo asali ne daga yadda mambobin farko ke yin taronsu bi da bi a ofisoshin juna. A yau mambobinta a duniya sun haura miliyan ɗaya. Sai a 1989 aka amince a hukumance mata su shiga a duk rassa. Akwai kuma ɓangaren matasa mai suna Rotaract, wanda aka kafa a 1968, yana da rassa a jami'o'i da dama na Nijeriya.

Kowane reshe yana cin gashin kansa. Mambobi suna biyan kuɗin ƙungiya, suna taro akai-akai, suna zaɓen sabon shugaba duk shekara daga 1 ga Yuli. Ƙananan ayyuka, irin su haƙa rijiyar burtsatse, gyaran azuzuwa ko duba lafiya kyauta, daga aljihun mambobi da abokan hulɗarsu suke fitowa. Manyan ayyuka kuwa sukan samu tallafi daga Gidauniyar Rotary, bisa sharaɗin cewa rassa biyu daga ƙasashe biyu su haɗa hannu, kasafin aikin ya kai aƙalla dala 30,000, a kuma fara jin ta bakin al'ummar da za ta amfana.

Fannonin da gidauniyar ke tallafawa bakwai ne: zaman lafiya, yaƙi da cututtuka, ruwa da tsafta, lafiyar uwa da jariri, ilimin firamare, bunƙasa tattalin arzikin al'umma, da kare muhalli. Ƙa'idar ƙungiyar ta hana ta bin wata jam'iyya ko wani addini. Duk da haka, a Arewa akwai masu yi mata kallon taron manya, wasu ma suna zargin ƙungiyar asiri ce, zargin da mambobinta ke musantawa.

Shan inna: gwaji mafi girma

A 1985 Rotary ta ƙaddamar da shirin PolioPlus domin kawar da cutar shan inna. A 1988 ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, aka kafa gangamin duniya. A lokacin cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

A shekarar 2003 zuwa 2004, Jonathan Majiyagbe, babban lauya kuma mamba a reshen Kano, shi ne shugaban Rotary na duniya, ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin. A daidai wannan lokaci gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, bayan wasu malamai da shugabannin al'umma sun yi zargin an gurɓata maganin domin hana haihuwa.

Akwai tarihi a bayan wannan tsoro. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75.

An dawo da rigakafin a Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indonesiya. Kafin a shawo kan lamarin, ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, kuma a 2006 waɗanda suka kamu a Nijeriya sun haura dubu ɗaya. Kuɗin Rotary da sanayyarta ba su iya buɗe ƙofofin gidaje ba, sai da sarakuna suka shigo. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka ɗauki nauyin wayar da kai. Mata masu bi gida-gida su suka yi aikin mai haɗari: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

An ga na ƙarshe da ya kamu da ainihin ƙwayar cutar a Jihar Borno a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana yankin Afirka ya rabu da ita.

Ina alaƙarsa da tattalin arziki?

Yaron da bai shanye ba zai iya zuwa makaranta, ya yi noma ko sana'a, iyayensa kuma ba za su ƙarar da jarinsu wajen neman magani ba. Bayan wannan, yaƙin ya bar kayan aiki: firji na adana magunguna, ɗakunan gwaji, jami'an sa ido kan cututtuka, da cibiyoyin ɗaukin gaggawa. Da ƙwarewar waɗannan jami'ai aka taimaka wajen daƙile cutar Ebola a Legas a 2014.

Haka nan, 'yan Rotary na Nijeriya da na Jamus sun gudanar da shirin inganta karɓar haihuwa a asibitoci goma na jihohin Kano da Kaduna, inda aka riƙa tattara alƙaluman mace-macen mata masu juna biyu ana bin diddigin dalilansu. Ƙarfin ƙungiya irin wannan yana nan: ta gwada dabara a ƙaramin wuri, ta haɗa likita da ɗan kasuwa da basarake, ta kuma daɗe a kan abu ɗaya fiye da wa'adin kowane gwamna.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Abin da ya durƙusar da masaƙu da sauran masana'antu a Bompai, Sharaɗa da Challawa shi ne ƙarancin lantarki, tsadar sufuri, da kwararar kayan waje masu araha. Babu reshen da zai gyara waɗannan da karo-karon mambobi. Bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka fara a 2020, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023, duk sun dogara ne ga manufofin gwamnati da jari mai nauyi.

Ko a ƙananan ayyuka akwai matsalar ɗorewa. Shugabanci na shekara guda yakan sa kowa ya so sabon aikin da zai ɗauki sunansa, rijiyar bara kuwa ta lalace ba mai gyara. Haɗari mafi girma shi ne hukumomi su saba, su bar wa masu sa-kai abin da haraji ya kamata ya yi. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba.

Abin lura a yanzu

Aikin shan inna bai ƙare ba. Wani nau'in ƙwayar da ke ɓulla a wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci yana ci gaba da kama yara a Arewa maso Yamma. A 2025 Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma rushe hukumarta ta USAID, abin da ya rage tallafin da ake samu daga waje.

Ga matashin da ke bibiyar harkokin mulki, tambayoyi uku sun isa auna duk aikin da ƙungiya ta ƙaddamar a unguwarsa: wa ya nemi a yi shi, wa zai kula da shi bayan an yanke kyalle, kuma nawa ƙaramar hukuma ko jiha ta ware wa wannan fanni a kasafinta na bana? Amsar tambaya ta uku tana cikin kundin kasafin jiha, wanda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ƙarfafa wa ɗan ƙasa gwiwar nema.