Ƙwayoyin Ƙarin Abinci da Lafiyar Zuciya: Wane ne Ke Amfana?

Tsakure

Maƙalar ta auna manyan gwaje-gwajen da aka yi kan bitamin da man kifi tsakanin 1994 da 2022, domin gano ko suna kare baligi mai lafiya daga ciwon zuciya da na suga. An gano cewa ba su kare wanda abincinsa ya wadata, kuma ɗan amfanin da ya bayyana ya tsaya ne ga masu giɓi a cimarsu.

Gabatarwa da Bita

Tushen ruɗani kan waɗannan ƙwayoyi shi ne nazarin da Stampfer da abokansa suka wallafa a 1993 kan ma'aikatan jinya mata sama da 87,000 a Amurka. Sun lura cewa waɗanda suka shekara biyu ko fiye suna shan bitamin E sun fi sauran tsira daga ciwon jijiyoyin zuciya da kusan kashi 40 cikin ɗari. Har yau masu tallata ƙwayoyin da irin wannan suke kafa hujja, kuma da su muke jayayya. Matar da ke tuna shan bitamin kowace safiya, galibi ita ce mai motsa jiki, mai gudun taba, mai kuɗin ganin likita. Wataƙila halinta ne ya cece ta, aka jingina wa ƙwaya ladan. Da aka raba mata 39,876 ta hanyar ƙuri'a domin gwada bitamin E, aka bi su shekara goma, sakamakon 2005 bai nuna raguwar manyan cututtukan zuciya ba. Kafin nan, gwajin ATBC na Finlan (1994) ya nuna cewa bita-karotin ma ƙara sankarar huhu ya yi ga mashaya taba, da kashi 18.

Dabarun Bincike

An ɗauki gwaje-gwajen da aka raba mahalarta da ƙuri'a kawai, masu rukunin kwatance, waɗanda suka ƙirga bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, kamuwa da suga ko kitsen jini.

Sakamako

Likitoci maza 14,641 sun shafe kimanin shekara 11 a gwajin haɗakar bitamin (2012), zuciya ba ta ga bambanci ba. A gwajin D2d (2019), bitamin D bai hana masu dab da kamuwa da suga kamuwa ba, ta ma'aunin da ƙididdiga ke amincewa da shi. A asibitin Cleveland (2022) an gwada ƙwayoyin tafarnuwa, kurkum, kirfa, man kifi da wasu biyu, babu wadda ta sauke mugun kitsen jini cikin kwana 28, alhali miligiram 5 na maganin rosuvastatin ya rage shi da kusan kashi 38.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai yana cikin gwajin VITAL da JoAnn Manson ta jagoranta: mutum 25,871, giram ɗaya na man kifi kullum, shekara biyar da 'yan watanni. A dunƙule, manyan cututtukan zuciya ba su ragu ba. Amma da aka ware waɗanda cin kifinsu bai kai sau ɗaya da rabi a mako ba, sai aka ga raguwar kashi 19, yayin da masu cin kifi sosai ba su tsira da komai ba. Ƙwaya ɗaya ce, awo ɗaya, bambancin yana cikin kwanon abinci. Haka lamarin ya kasance a ƙasar Sin, inda ba a tilasta zuba sinadarin folik a fulawa kamar yadda Amurka ta yi tun 1998. A can, gwajin CSPPT (2015) kan masu hawan jini 20,702 ya nuna cewa haɗa folik da maganin enalapril ya rage shanyewar ɓarin jiki ta farko da kashi 21. Jiki na karɓar abin da ya rasa, ragowar kuwa randa ce cikakkiya ake ta zuba wa ruwa. Don haka tambayar da ta kamaci likita ita ce me wannan mutum yake ci, kafin a zo ga batun wace ƙwaya. Abin takaici ne a ga mai hawan jini ya ajiye maganin da aka rubuta masa, ya kashe kuɗinsa kan kwalbar da tun asali bai buƙace ta ba.

Iyakokin Bincike

Dole a amsa cewa binciken masu ƙarancin cin kifi wani yanki ne aka tsakuro daga gwajin da babban sakamakonsa bai nuna amfani ba, kuma mutanen Sin ɗin ba lafiyayyu ba ne. Gwajin Cleveland gajere ne, mutum 190 kacal, kuma kamfanin AstraZeneca, mai rosuvastatin, shi ya ɗauki nauyinsa. Mahalarta VITAL duk sun kai shekara 50, ba kuma a ƙasar da cimarta gero da dawa ce aka yi shi ba.