Haƙƙin Ɗan Sakandare a Ƙasar Safana da Batsari, Daga Zamanin En'e Zuwa Yau

In malamai suka kira rajista wata da watanni ba su ji wani yaro ya amsa ba, sai su ce ya bar makaranta. Maganar ta zauna a baki har ba mai tsayawa ya auna ta. Amma fa akwai hukunci a cikinta, gama ta ɗora abin a kan yaron, ko a kan ubansa. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin ilmin boko a ƙasar Safana da Batsari, a ga yadda hukuma, tun daga zuwan Turawa, ta yi tanadi domin yaron da ya guje wa makaranta da uban da ya hana ɗansa zuwa, ta kuwa bar yaron da makaranta ta guje masa ba tanadi. Wannan hali na ƙarshe shi ne wanda 'yan sakandare na wannan yanki suka sha faɗawa cikinsa tun daga 2019.

Safana ƙasar Yariman Katsina ce, Batsari kuwa nan Sarkin Ruma ya ke zaune. Dukansu suna jingine da Dajin Rugu, wanda ya miƙe yamma har cikin Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba Safana mutum fiye da 180,000, ta ba Batsari fiye da 200,000, yawancinsu manoma da makiyaya, a warwatse cikin ƙauyuka da rugage. A ƙarni na 19, bayan da sarakunan Haɓe na Katsina suka kafu a Maraɗi, wannan yanki ya zama bakin daga, mahara na ratsa dajin, mutane na tattaruwa a garuruwa masu ganuwa irin su Ruma. Abin da ya shafi mai nazarin ilmi cikin wannan duka shi ne nisa. Makarantar allo tana bin malami duk inda ya sauka, ko a zaure ko a gindin itace. Makarantar boko kuwa gini ce, a wuri ɗaya ta ke, sai yaro ya je mata.

Katsina ta riga yawancin Arewa samun boko mai zurfi. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, ta zauna nan har aka mai da ita Kaduna a 1938. Wajen 1930 aka tsara makarantun Midil, aka kuma fara karantar da 'yan mata a birnin. Duk wannan a birni ne. Ɗan ƙauye ba ya isa can sai ta hanyar Elementare, Elementare kuwa a wancan zamani kamu a ke yi mata. Umurni ya kan sauko daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, a ce a kawo yara kaza. Iyaye su kan ɓoye 'ya'yansu, ko su tura su karatun allo wani gari, masu hali kuma su kan miƙa ɗan bara ko ɗan talakan da ba shi da mai tsaya masa. Wanda ya ci jarrabawa ya shiga Midil, En'e ta ɗauki abincinsa da tufafinsa da wurin kwanansa. In ya gudu, a kan aika a kamo shi.

Ba wanda ya kira wannan haƙƙi, tilas ce tsagwaronta. Amma kada mu raina abu guda da ke cikinta: hukuma ta san sunan kowane yaro, ta san ƙauyensu, ta kuma ɗauki ɓacewarsa a kan asararta. Abin da ya sauƙaƙa mata haka shi ne yaran kaɗan ne ƙwarai. Galibin waɗanda suka gama aji huɗu na Elementare gida su kan koma, don ba gurbi a Midil, ba kuwa wanda ya lissafa su cikin waɗanda suka bar makaranta. Tsarin ne da kansa ya sallame su.

Da aka shiga mulkin jihohi, Yamma ta soma firamare kyauta a 1955, Gabas ta bi a 1957. Arewa ba ta bi ba, saboda ƙarancin malamai, sai ta mai da ƙarfinta ga kwalejojin horon malamai da Yaƙi da Jahilci. Alhaji Isa Kaita, mutumin Katsina, shi ya riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Arewa daga 1957 har 1966, kuma a zamaninsa sakandare ta kwana ce, gwamnati na ciyarwa. Ɗan Runka ko ɗan Wagini da ya sami shiga ya rabu da nisa, ya rabu da gona, ya rabu da yunwar bazara, har ya gama.

Babban juyi ya zo a watan Satumba 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa, wanda a ke kira UPE. Azuzuwa suka tsiro a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Yaran da suka shiga aji ɗaya a shekarar nan sun fito a 1982, ga su dubbai, suna neman sakandare. Shekarar nan ce kuma aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, ita ce kuma kuɗin man fetur ya ja baya har gwamnati ta shiga tsuke aljihu, abin da ya ƙara tsanani da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986. Gwamnati ba ta iya ciyar da wannan taro a makarantun kwana, saboda haka aka yawaita na jeka-ka-dawo a manyan garuruwa, aka bar kwana ga zaɓaɓɓu, kamar makarantun kimiyya da na 'yan mata. Jihar Katsina, da aka cire ta daga Kaduna a 1987, wannan tsari ta gāda.

Raba sakandare biyu da aka yi, ƙarama shekara uku, babba shekara uku, an yi shi da kyakkyawan nufi, watau wanda ba zai ci gaba ba ya fita da sana'a a hannu. A aikace dai ƙofa aka buɗe a tsakiyar gida. Dā yaro in ya shiga aji ɗaya yana kallon aji biyar. Yanzu akwai wurin da uba zai ce an gama, ba kuwa wanda zai ce ya yi ƙarya. Dokokin da suka biyo baya sun zo sun tsaya daidai bakin wannan ƙofa.

Tsarin mulki na 1999, a sashe na 18, ya ambaci sakandare kyauta cikin abin da gwamnati za ta samar, amma ya ɗaure alkawarin da sharaɗin in hali ya yi. Sashe na 6 kuma ya hana kotu bin kadin babin da alkawarin ya ke ciki. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 15, ta wajabta wa uba ya tabbata ɗansa ya gama firamare da ƙaramar sakandare. Da ta zo kan babbar sakandare sai harshenta ya yi laushi, ta ce ya yi ƙoƙari ya kai shi, in bai kai shi ba a koya masa sana'a. Dokar UBE ta 2004 ta sa shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ta ware musu kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta kuma yanka wa uban da ya ƙi horo: karo na fari gargaɗi, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu. Mai karatu zai ga inuwar dagacin zamanin En'e a nan. Har yanzu uba ne abin zargi.

Kotuna sun ɗan matsa gaba. A 2009 da 2010 Kotun ECOWAS, cikin ƙarar da ƙungiyar SERAP ta kai, ta dogara ga Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ilmi haƙƙi ne da a ke iya nema a gaban alƙali. A watan Maris 2017 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa dokar 2004 ta mai da firamare da ƙaramar sakandare haƙƙin da kotu za ta tilasta. Hukunci ne mai nauyi, amma shi ma a aji uku ya tsaya. Yaron da ya shiga firamare yana da shekara 6 zai kai nan yana da 15.

Shekara 15 kuwa ita ce daidai lokacin da gida ke janye hannu. A fiƙihun Malikiyya ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, ta mace har ta tare a ɗakin miji. Neman ilmi ba a yanka masa shekaru ba, Shehu Usmanu ma cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Sai dai a al'adar ƙauye saurayi mai shekara 15 ma'aikacin gandu ne, ɗan cin rani ne, budurwa kuma an fara yi mata tarin kayan ɗaki. Ashe doka da al'ada sun saki yaron rana ɗaya.

To, a kan wannan rauni ne tashin hankali ya sauka. Don a ga girman abin, mu ɗauki ajin da ya shiga babbar sakandare a watan Satumba 2019, wanda ya kamata ya zauna jarrabawar fita a 2022. A shekarar da suka shiga, 'yan bindiga sun riga sun tayar da ƙauyuka da yawa, har an sauke masu gudun hijira a azuzuwan makaranta a garin Batsari, Gwamna Aminu Bello Masari kuma yana zagaya ƙananan hukumomin bakin daji yana neman sulhu. Sulhun bai riƙe ba. A watan Fabrairu 2020 aka kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙasar Batsari. A watan Maris aka rufe makarantun ƙasa duka saboda annobar korona, ba a koma ba sai wajen ƙarshen shekara. Ba a daɗe da komawa ba, ran 11 ga Disamba 2020, aka kwashe yaran Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara da dare. An sako 344 ran 17 ga wata, amma Gwamna ya riga ya ba da umurni a rufe makarantun kwana na jihar. A ƙarshen Agusta 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a Satumba aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari, sai a Disamba aka fara maido su.

Ba mai hankalin da zai ga laifin rufe makaranta bayan abin da ya faru a Ƙanƙara. Rai ya fi aji. Abin tambaya shi ne me yaron ya ke bi bashi bayan an rufe. Makarantar kwana ita ce gadar da ɗan ƙauye ke ƙetare nisa da ita tun zamanin Midil, ita aka fara cirewa. Ta jeka-ka-dawo tana bukatar hanya mai lafiya safe da yamma, da malamin da ya yarda ya kwana a garin. Karatu ta waya, wanda aka yi ta yabo a birane lokacin korona, ba ya yiwuwa inda ba layi. Uban da kan sayar da akuya ko ɗan maraƙi ya yi wa ɗansa hidimar makaranta, kasuwar ma an rufe. Yaran Fulani na rugagen Rugu, waɗanda Hukumar Ilmin Makiyaya ta 1989 ba ta kai yawancinsu ko ƙofar sakandare ba, nasu ya fi na kowa muni, gama ga gudu ga zargi.

Akwai kuma wata matsala ƙarama a ido, wadda malamai suka fi kowa sani, watau takarda. Jarrabawar WAEC da NECO ta 'yan makaranta ba a shigarta sai ta hannun makaranta, tare da makin gwajin da aka tara wa yaro cikin shekarunsa uku. Yaron da iyayensa suka kwashe shi da dare zuwa Dutsin-Ma ko Katsina bai tsaya karɓar takardar canjin makaranta ba, mai ba da ita ma watakila ya gudu. In shugaban wata makaranta ya karɓe shi, kirki ya yi masa, da yawa kuwa sun yi. Amma kirki ne, yaron ba shi da dokar da zai ɗaga in an ce aji ya cika.

An yi yunƙuri, ba a ce ba a yi ba. Nijeriya ta sa hannu a Sanarwar Kare Makarantu ta Oslo ta 2015, ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a watan Oktoba 2021. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince masa da Dala miliyan 500 a 2020 domin gina azuzuwa da tallafa wa iyayen 'yan mata su bar su a sakandare. A 2023 aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba su makaranta. Waɗannan duka shiri ne da manufa, suna da wa'adi, suna tafiya da kasafin kuɗi. A ganina misalin da ya fi dacewa yana nan cikin dokar 2003 ɗin kanta, inda ta ce yarinyar da ta sami ciki kafin ta gama karatu a ba ta dama ta koma bayan ta haihu. A nan doka ta ambaci komowa da sunanta, ta mai da ita abin da a ke bin hukuma. Irin wannan sashe ne ɗan gudun hijira ya rasa: a ce duk makarantar gwamnati mafi kusa ta karɓe shi a ajinsa, a gwada shi in ba takarda, a kuma ajiye sunansa a rajista har a san inda ya ke.

Ajin nan na 2019 dai yanzu sun wuce shekara 18, dokokin yara ba su sāke hawa kansu. Wanda bai zauna jarrabawa tare da 'yan ajinsu ba, abin da ya rage masa shi ne ta 'yan waje, wadda a kan yi a ƙarshen shekara, mutum ya biya da kansa, ya kuma kai kansa birnin da cibiyar ta ke.